Kwalbar Iska da Igiyar Kawu

Shekarun baya, lokacin ina ji da ƙuruciya kuma ina ganin duk faɗin Damargu babu mai riƙe numfashi kamata, wani furoje, wato shirin raya karkara, ya zo yankinmu da aikin gyaran tsofaffin rijiyoyin siminti na makiyaya. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ɗauka rijiya rami ne kawai da ruwa a ciki. A wajenmu akwai mai gaba arba'in, akwai wadda ta fi haka, sai raƙumi ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin wasaki ya leƙo baki. In yashi ya cike gindinta, ruwa ya ja baya, sai a nemo masu nutso su yashe ta. Mu ne masu nutson. A ƙauyenmu da ke gefen Gangara, duk wanda ya ce gidan masu yasa, gidanmu yake nufi.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, saboda haka a hannun kawuna, ƙanin mahaifiyata, na koyi aikin. Yadda muke yi shi ne, a zura mutum biyu. Ɗaya ya zauna a kan katako da aka rataya daidai saman ruwa, yana riƙe da siririyar igiyar ishara. Ɗayan ya cika ƙirji da iska ya nutsa, ya cika guga da yashi, ya taso. A ƙugun mai nutso akwai babbar igiya wadda ta hau har waje, tana ɗaure a jikin raƙumi. Doka ɗaya ce tak ga na kan katako: in ka ga kumfa ta taso, to numfashin ɗan uwanka ya kuɓuce masa, ka yi kira a ja, mai raƙumi ya kora shi da gudu. Kawu shi ne mutumin kan katako na gidanmu tun kafin a haife ni.

Mutanen furoje suka ce su ba sa son nutson riƙe numfashi. Sun zo da kwalaben iska irin waɗanda ake goyawa a baya, mutum ya daɗe a ƙarƙashin ruwa yana numfashi ta wani abin roba da ake cizawa a baki. Duk mai son aikin sai ya kawo takardar shaida cewa ya koyi nutso da kwalba, kuma za a rufe ɗaukar suna a meri, wato ofishin magajin gari, bayan sati uku. Ni da nake ganin kaina gwani, abin ya ba ni haushi. Takarda za a tambaye ni a kan ruwa? Amma aikin na shekara biyu ne, albashi duk wata, ga shi damina biyu ke nan gero bai yi mana kirki ba. Na haɗiye haushina na fara cigiyar inda ake samun takardar da sauri kuma da araha.

Abokina da ke tuƙin mota tsakanin Tanut da Damagaram shi ya kawo mini labari na farko. Ya ce akwai wani mutum a birni, kwana uku yake koyarwa, kuɗin bai kai na tunkiya ba, ranar ta uku ka fito da takarda har da hatimi. Na biyu kuma a kasuwa na ji shi. Wani tsohon sojan kashe gobara ne da ya yi ritaya ya koma Belbeji, Shef ake ce masa, an ce ya yi shekaru yana nutso a kogi can yamma yana ciro mutane. Shi kwana goma sha biyu yake yi, kuɗinsa ya ɗan fi na farkon, kuma an ce yana da tsanani.

Ni dai zuciyata ta riga ta tafi birni. Kwana uku, ga kallon gari a kyauta. Da na gaya wa mahaifiyata tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba ta ce, “Ka ga mutumin da idonka?”

Na ce, “Inna, abokina ya gan shi.”

Ta ce, “Ko igiya ba ka saye sai ka murɗa ta ka duba. Je ka ga kowannensu, kada ka ba kowa ko dala sai ka dawo mun yi magana.”

Haka na bi motar abokina zuwa Damagaram. Mutumin kirki ne a fuska, ya ba ni shayi, ya kira ni injiniya. A bayan gidansa akwai wani kwarmin siminti da ruwa iya ƙirji, ɗalibai sun fi ashirin a layi, kwalba ɗaya ake karɓa-karɓa. Kowa ya goya, ya durƙusa cikin ruwan, a ɗauke shi hoto da waya, ya fito. A kan tebur na ga takardun an riga an buga musu hatimi, wurin suna kawai aka bari. Na tambaye shi, “To in iskar ta yanke mutum yana ƙasa fa?” Ya dafa kafaɗata ya ce, “Allah ya kiyaye, injiniya.” Na ce amin. Kuma don ku san irin hankalina na wancan lokacin, da kuɗin suna aljihuna a ranar da na biya.

Tsohon Belbeji bai ba ni shayi ba. Na tarar da shi a zaure ya baje kayan nutso a kan tabarma yana goge su ɗaya bayan ɗaya. Kafin in gama bayanin gidanmu da gadonmu ya katse ni. Ina tari? Kunnena yana zubar da ruwa? Na taɓa suma? Ina shan taba? Ya ce kafin ya taɓa kuɗina sai na je asibiti an saurari ƙirjina an rubuto masa. Ya ce mutum huɗu yake ɗauka, ba ya ƙarawa. Na yi masa tambayar da na yi wa na birni, sai ya ajiye tsumman hannunsa ya dube ni a karo na farko.

Ya ce, “Wannan tambayar ita ce kwana shida cikin sha biyun. Sauran shidan na cire maka abin da ka zo da shi daga gida ne.”

Na ce, “Shef, ni fa ba baƙon ruwa ba ne.”

Ya ce, “Shi ne matsalarka.”

Na koma gida ina ta mita. Na ba Inna labarin duka biyun, ina ƙara wa na birni gishiri. Ta saurara har ƙarshe ta ce, “Wanne ne ya tambayi lafiyarka?” Daga nan maganar ta ƙare. Aka sayar da tunkiya da ɗanta, na ɗauki tabarmata na nufi Belbeji.

Kwanakin nan goma sha biyu, har yau in na tuna su sai in ji wani abu mai daɗi a raina, ko da yake a lokacin ban ga daɗinsu ba. Mu huɗu ne, sauran ukun ko iyo ba su iya sosai ba. Da safe mu sha hura mai sanyi a zauren Shef, mu loda kaya a amalanken jaki, mu gangara wani lambu a kwarin Tarka inda akwai rijiya mai faɗi da ruwa gaba huɗu. Mai lambun yakan tsinko mana tumatir mu ci da gishiri da yaji. Shef ya koya mana duba kwalba, da sansana iskarta kafin a shaƙa, da ajiye injin cika kwalba inda hayaƙinsa ba zai koma ciki ba. Ya koya mana hura kunne in ruwa ya matse shi, da fitar da ruwa daga tabarau ana ƙasa. Duk wannan na ɗauka da wuri, har ina taya shi gyara wa sauran.

Inda na faɗi shi ne wajen tasowa. Dokar kwalba ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, musamman in kana hawowa sama. Ni kuwa tun ina shekara goma sha biyu ake yabona a kan riƙe numfashi. Da zarar ƙafata ta bar ƙasa sai maƙogwarona ya kulle da kansa, ban ma sani ba. Shef yana gefena cikin ruwa, da ya ga kumfata ta tsaya sai ya danƙe ƙafata ya tsayar da ni. Waɗanda nake yi wa dariya ba su iya iyo ba, su sun wuce tun rana ta huɗu. Gwanin Gangara shi ne na ƙarshe a aji.

Rana ta shida na gaji na ce masa, “Shef, wai me zai faru in na riƙe? Shekara nawa ina yi ban ga komai ba.”

Ya ɗauki ledar ruwan sanyi da aka shanye, ya ce in biyo shi. A can gindin rijiyar ya hura mata iska daga kwalbarsa har ta cika tam, ya ƙulle bakinta, ya riƙe ta a hannu muka fara hawowa a hankali. Ina kallo tana ƙara kumbura, tana sheƙi, ba mu kai sama ba ta fashe. Da muka fito ya miƙo mini tsumman ledar. Ya ce iskar da na saba shiga da ita daga sama nake ɗaukar ta, in na dawo da ita daidai take da ƙirjina. Ta kwalba kuwa a matse nake shaƙar ta a ƙasa, tana hawowa tana buɗewa, in ba ta sami hanya ta baki ba za ta yi wa kanta hanya ta huhu. Na riƙe ledar nan na daɗe ina juya ta. Ranar ban iya cin tumatir ɗin ba.

Daga nan ya ƙirƙiro mini magani. Ya ce duk lokacin da zan taso in riƙa yin gunji a maƙogwaro kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya, kada in yanke har kaina ya fito. Mai gunji ba ya iya kulle maƙogwaro. Ya sa ni ina yi a ruwa, ina yi a kan amalanke, ina yi in zan miƙe daga zaune. Matan da ke wucewa da itace suna rufe baki suna dariya. Sau da yawa yakan fizge abin bakina ba zato muna ƙasa don ya ga abin da zan yi. Sai a rana ta goma sha ɗaya ya ce jikina ya fara yarda.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya gindaya tun farko: ranar ƙarshe kowa ya zo da wanda zai riƙa riƙe masa igiya, shi ma a koya masa. Na aika wa Kawu. Amsar da aka kawo mini ita ce, shekara talatin yana kan katako, ba a haifi sojan da zai koya masa riƙon igiya ba. Ni kuma ba ni da bakin da zan matsa wa wanda ya raine ni. Sai na roƙi abokina mai mota ya tsaya a matsayinsa. Shef ya tambaye ni, “Wannan shi ne zai zauna maka a rijiya?” Na ce shi ne. Na yi ƙarya ina kallon ƙasa, ya sa hannu a takardata, na kai ta meri saura kwana biyu a rufe.

Aikinmu na farko wata rijiyar makiyaya ce a arewacin Tarka, ruwanta gaba biyar. Abokina yana can kan hanyar Damagaram da fasinjojinsa. Kawu ya naɗe rawaninsa ya hau katako kamar kullum, babu ma wanda ya yi tunanin wani zai hau. Muna sauka na ce masa, “Kawu, za ka ga kumfa da yawa. Ba komai ba ne, numfashina ne. In ina son a ja ni, zan ja igiyar ishara sau uku.”

Ya ce, “Na ji.”

Na ce, “Ko ta yi yawa, Kawu.”

Ya ce, “Na ce na ji, ko?”

Na nutsa. Ban taɓa ganin gindin rijiya da natsuwa irin ta ranar ba. Da can a guje nake zuwa a guje nake komawa. Yau ga ni durƙushe ina haska tocila, ina kallon tsofaffin wasakai da guntayen igiyoyi da suka shekara a binne. Na cika guga uku na aika. Sai na tarar da wani ƙaton dutse ya toshe inda ruwa ke ɓulɓulowa. Na rungume shi na yi nishi, ruwa ya shiga tabarauna, na hura da ƙarfi don in fitar da shi. Kumfa mai yawa ta tashi lokaci ɗaya.

Abin da na ji kawai shi ne an fizge ni ta ƙugu. Dutsen ya kuɓuce, abin bakina ya fita, tocila ta tafi, ina ganin bangon rijiya yana gudu ƙasa. Ƙirjina cike yake da iskar kwalba, na ji shi yana buɗewa kamar zai tsage haƙarƙarina. Duk abin da aka koya mini tun ina yaro yana ce mini in kulle baki in riƙe abin da nake da shi. Ban yi wani tunani ba, ban tuna leda ba, ban tuna Shef ba. Na dai ji wani yana gunji cikin kunnena, ashe ni ne. Iska tana ta fita ba ta ƙarewa, har kaina ya faso ruwa, kafaɗata ta bugi katako, igiyar ta wuce da ni sama kafin Kawu ya yi kira a tsaya.

Aka fito da mu. Hancina yana jini, kunnena ɗaya ya toshe, kafaɗa ta kumbura. Motar furoje ta kai ni asibitin Tanut, aka saurari ƙirjina, aka ajiye ni kwana biyu ana dubawa, huhu lafiya lau. Likitan ya ce in je in yi sadaka.

Kawu yana zaune a bakin gadona duk kwanakin nan. Shi a ganinsa ceto na ya yi, ya kasa gane abin da ya sa shugaban aikin ya yi masa faɗa a gaban mutane. Rana ta biyu da hantsi na yi masa bayanin leda da iska a hankali, yadda aka yi mini. Ya saurara yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, “Ka san a rijiya mahaifinka ya rasu.”

Na ce na sani.

Ya ce, “Abin da ba ka sani ba, ni ne a kan katako. Na ga kumfa ƴar kaɗan. Na ce gwani ne, bari in ba shi lokaci kada in kunyata shi a ja shi a banza. Na jira. Da na yi kira an makara.” Sannan ya ce, “Ni na je na gaya wa yayata. Na yi alkawari tsakanina da Allah ba zan sake ganin kumfa in jira ba. Jiya na daure, na daure, ina ta gaya wa kaina ka ce ba komai. Da babbar ta taso, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.”

Shekara ashirin muna cin tuwo a kwano ɗaya da mutumin nan ban san abin da yake ɗauke da shi ba. Na ji kunyar ƙaryar da na yi wa Shef fiye da ciwon kafaɗata, domin da na kawo Kawu ranar nan, da a rijiyar lambu zai yi wannan kiran, inda babu raƙumi a ƙarshen igiya.

Da aka sallame ni muka tafi Belbeji tare, Kawu ne ma ya ce mu je. Na faɗa wa Shef gaskiya tun daga ƙaryar. Na zaci zai karɓe takardarsa. Ya dube ni ya ce in bari sai kunnena ya warke zai san hukuncin da zai yi mini, sannan ya juya ya gaida Kawu da hannu biyu, ya kira shi Baba. Kwana uku ya yi da shi a rijiyar lambu bai karɓi ko sisi ba. Shef yana ƙasa yana sakin kumfa iri-iri, Kawu yana kan katako yana koyon zama shiru. Mai lambun ya ce mini a rana ta farko sau tara Kawu ya yi kira a ja.

Abin da ya sa na tuno wannan labarin, kwanan nan matasa suna yawan tambayata ina za su sami takardar nutso da sauri kuma ba tsada. Ba laifi ba ne, ni ma haka na nema, kuma kwana goma sha biyu ba shekara ba ce. Abin da nake ce musu shi ne su je su ga wurin da idonsu, su ƙirga ɗalibai su ƙirga kwalabe, su lura ko an tambayi lafiyarsu kafin a tambayi kuɗinsu. Su tambayi malamin abin da za su yi in iska ta yanke. In addu'a kawai ya ba su, su ce amin su nemi wani. Kuma duk abin da aka koya musu, su tabbatar wanda zai zauna musu a sama shi ma an koya masa.

Shef ya rasu shekarun baya kaɗan, Allah ya jiƙansa, bai taɓa gaya mini hukuncin nan ba. Rijiyar lambun an sa mata famfo mai hasken rana an rufe bakinta. Ni ma yanzu tumbi ya hana ni shiga rigar nutso, sai dai in tsaya a sama ina ba da umarni. Ina kewar sanyin gindin rijiya, da hurar zauren nan, har da dariyar matan da ke ɗauko itace.

Kawu ya ƙara shekara shida yana zauna mini a kan katako kafin gwiwa ta hana shi. Bai sake kira a ja ni ba sai in na ja igiya sau uku. Amma duk ranar da na ɗago kai daga ruwa, sai in tarar ya cusa bakin rawaninsa a baki ya cije shi da haƙora, ba ya saki sai ya ga fuskata.